Kwaɗo Ba Ya Kururuwa

Da an gama kaka a Sabon Maci, an ɗaure hatsi an zuba a rumbu, sai motoci su fara kwasar matasa. Wasu su bi ta Tibiri su sauka Maradi, su wuce Katsina ko Kano cin rani. Wasu su yi arewa, musamman tun da zinari ya bayyana a Jado a 2014. Tafiya ba laifi ba ce, mu ma mun yi. Yadda ake barin gida ne yake damuna.

A zamanin da muka tashi, gidan gandu ba ya rabuwa da mutum. In ƙane ya tafi, wa yana nan, ga tsohuwa a tsakar gida, ga yara. Yanzu yaro ya samu kuɗi sai ya ware, ya gina nasa a bakin gari, ya sa ƙofar ƙarfe. Ranar tafiya ya kai matarsa gidan iyayenta, ya datse ƙofa da ƙaton kwaɗo, ya ɗauka ya gama. To, wannan kwaɗon da ke rataye ta waje dare da rana shi ne mai shaida wa kowa babu kowa a ciki. Iskar hunturu ta tara rairayi a bakin ƙofa, babu sawu, babu shara, babu hayaƙin murhu. Mai mugun nufi ba ya bukatar tambaya.

Kuma da wuya ya zama baƙo. Yawanci wanda ya san inda batirin sola yake ne, ya san ɗakin da aka jingine babur, ya ji ka a fada wurin shan shayi kana faɗin ranar tashi da watan dawowa. Yanzu ma ga waya: mutum yana tasha yana ɗora hotonsa a WhatsApp. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da na fi jin tsoronsa shi ne rumbu. Mukan gina rumbuna a gefen gari saboda gobara, amma nisan nan shi ke ba ɓarawo dama. Yakan huda ta ƙasa ko ta baya, ya zare dami kaɗan kaɗan, ta gaba kuwa ba ka ganin komai, sai bazara ta yi a buɗe a iske rabi. Wanda ya ga yunwar 2005 a ƙasar Dakoro ya san abin da tiya ɗaya ke nufi ga mai iyali. Shi ya sa nake yaba tsarin warantaj, inda ƙungiyar manoma ke tara buhuna a ma'ajiya ɗaya mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun masu ba da rance. Ba mai buɗewa shi kaɗai. In kana da hanyar shiga, shiga.

Gidan kuwa, sa mutum a ciki. Ɗan ɗan'uwa, ko malamin makaranta da aka turo garin yana neman ɗaki, ko da zaure zai kwana. Jar akuyarka da ragon layya ka kai su garken wani amintacce. Kuɗi kada a binne a ɗaka, ka tafi da su ko ka tura ta kamfanin aika kuɗi na Nita. Ka gaya wa maigari da maƙwabci ɗaya, ya isa.

Sai dai maƙwabci ba a sayensa ranar tafiya. Wanda ka yi shekara ba ka leƙa shi ba, ba ka je sunan ɗansa ba, da wane ido za ka ce ya tashi tsakar dare don ya ji motsi a gidanka? Zai ji, ya gyara kwanciya. Haƙƙin maƙwabtaka da addini ya ɗora mana yana da amfani tun a nan duniya.

In za ka ba da amanar, kira mutum biyu su tsaya, a ƙirga dami, a ƙirga dabbobi a gabansu. Wasu na ganin wannan rashin yarda ne. Ni kuwa na ga 'yan uwa sun daina gaisawa a kan buhun wake da babu wanda ya tabbatar yana nan tun farko. Ka ware wa mai tsaron nasa rabo kafin ka hau mota, ka bar masa lambar da zai same ka.