Idan Ɗalibai Suka Hau Titi

Mu iyaye a Njamena, gabanmu yakan faɗi duk ranar da muka ji ɗalibai sun bar aji sun hau titi. Tsoron nan yana da tushe. A watan Nuwamba na 1971, lokacin ana kiran garin nan Fort-Lamy, ɗalibai suka yi yajin karatu don adawa da mulkin Tombalbaye, suna yi wa sojoji kirari. A 1975 sojojin suka karɓe mulki, amma ba su miƙa wa talaka ƙuri'a ba. Ranar 12 ga Fabrairu 1979 kuwa, rigimar yajin karatu a makarantar Félix Éboué ce ta kunna wutar yaƙi a birnin nan, maƙwabci ya juya wa maƙwabci baya.

Sai dai a Fabrairu 2016 mun shaida wani abu dabam. Da 'ya'yan manya suka ci zarafin wata ɗaliba, 'yan makaranta suka fito, Musulmi da Kirista, buƙatarsu guda: a yi shari'a. Ɗaya daga cikinsu ya rasa ransa, daga bisani kotu ta ɗaure masu laifin. A nan dimokuraɗiyya ta ci gaba, domin doka ta hau kan mai gata.

Saboda haka, kulle ƙofa kaɗai ba tarbiyya ba ce. Mu zaunar da 'ya'yanmu mu tambaye su: me kuke nema, wa ya aike ku? Wanda ya fito neman adalci, ba da dutse ko ƙabilanci ba, ya cancanci addu'armu. Allah ya tsare mana su, amin.