Daga Gumel Zuwa Maigatari: Wa Ke Biyan Kuɗin Aƙidarka?

Ƙasar Gumel ƙananan hukumomi huɗu ce: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Wanda ya baro Kano ya karkata arewa daga Gujungu zai ga ƙasa tana sauya kama a gabansa. Rairayi ya mamaye ko'ina, gawo da aduwa suka maye gurbin manyan itatuwan kudu, gonakin gero da riɗi da zoɓo suka miƙe iyakar ganin ido. Na shiga ƙasar bayan an gama girbi, lokacin da amalanken shanu ke cika hanya da dammunan gero. Daga Zariya na fito, inda iyakar ƙasa labari ce da muke ji a rediyo. A nan kuwa iyaka tana cikin tukunyar kowa.

Tarihi ne ya sa haka. Mangawa suka kafa masarautar Gumel wajen 1750, ta zauna a inuwar Barno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Kafin a dawo da fada garin Gumel a tsakiyar ƙarni na 19, a Tumbi sarakuna suke zaune, kuma Tumbi yau tana cikin Jamhuriyar Nijar. Da Ingila da Faransa suka ja layinsu a farkon ƙarni na 20, sai layin ya ratsa tsakanin kaka da jika, tsakanin gona da mai gona. Shi ya sa idan ka tambayi mutumin Maigatari ina gwaggonsa take aure, zai nuna maka wajen Dungas ko Magarya kamar yadda zan nuna maka Samaru.

Ranar Alhamis Maigatari take ci. Tun hantsi kara take cika: shanu masu manyan ƙahonni, raguna, dawakai, jakuna, da raƙuma a durƙushe suna tuƙa. Buzaye da rawunansu, Fulani da sandunansu, fatake daga kudu sun jera manyan motoci suna jiran lodi. 'Yan canji suna zaune da daurin naira a hannu ɗaya, sefa a ɗaya. Na tsaya kusa da wani dillali yana haɗa ciniki tsakanin wani dattijo daga ƙasar Damagaram da wani mahauci. Sai da aka kai ruwa rana a kan bijimi guda, dillali yana riƙe da hannun wannan yana jan na wancan, kafin dattijon ya ce ya sallama. Bai ko zauna ba bayan ya ƙirga kuɗinsa. Kai tsaye ya nufi layin 'yan hatsi. Abin da kasuwar take yi ke nan a taƙaice: dabba ta gangaro kudu, hatsi ya haura arewa. Idan ɗaya ya tsaya, ɗayan ma ya tsaya.

An sha tsayar da su. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. A Agustan 2019 aka sake rufewa domin a daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa. A Nuwamban shekarar aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wato mutumin Maigatari ya zama baƙo a wajen man ƙasarsa. Ranar 16 ga Disamban 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu: Seme, Illela, Maigatari da Mfun.

Amma rufewar da ta fi zama a bakin mutane ita ce ta 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya hau. Ranar 30 ga watan ƙungiyar ECOWAS, ƙarƙashin shugabancin Bola Tinubu, ta ƙaƙaba takunkumi: aka rufe iyaka, aka dakatar da ciniki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita, aka kuma yi barazanar yaƙi.

Ba na cikin masu cewa ECOWAS ba ta da hujja. Tun 2001 ƙasashen ƙungiyar suka sa hannu a Dakar cewa ba za su lamunci karɓar mulki da bakin bindiga ba. Wanda ya ga abin da mulkin soja ya yi wa wannan yanki ya san darajar wannan alkawari. Na haɗu da wani malamin makaranta a Gumel wanda har yau yana kan wannan ra'ayi, kuma bai ɓoye ba. A ganinsa, idan aka ƙyale soja ya tsare zaɓaɓɓen shugaba ba tare da ya ɗanɗana kuɗarsa ba, gobe wani zai kwaikwaya. Maganarsa tana kan hanya. Sai dai da hira ta yi nisa ya ambaci ƙanwar mahaifiyarsa da ke aure a tsallake, wadda a watannin takunkumin ta rasa maganin hawan jinin da ta saba aikowa a saya mata. Ya ce shi da kansa ya nemi mai babur da ya san hanyar daji ya ba shi maganin ya kai. Bai ga saɓani tsakanin ra'ayinsa da aikinsa ba, ni ma ban gani ba. Fushinsa da janar-janar ne, kuma tsohuwar ba ta cikinsu.

Nan ne takunkumin ya yi tuntuɓe. Lokacin da ECOWAS ta hukunta Mali a Janairun 2022, ta ware abinci da magani da mai da lantarki daga cikin abin da aka hana. A kan Nijar ba a yi wannan togaciya ba. Sai nauyin ya sauka a kan mai raƙumi ɗaya, da ɗan dako, da mai sayar da abinci a bakin kara, da majinyacin da wuta ta ɗauke masa a asibiti. Sanatocin Arewa suka ƙi amincewa da yaƙi. Muhammadu Sanusi II ya je Yamai ya gana da Tchiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta bi baya. Janar Yakubu Gowon, wanda yake cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1975, ya roƙi a janye. Ranar 24 ga Fabrairun 2024, ana dab da azumi, ECOWAS ta janye takunkumin, ta ce domin jinƙai ta yi. A watan Maris aka buɗe iyaka. Ranar da aka janye, Bazoum yana nan a tsare, kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar. Talaka ya biya kuɗin aƙidar, aƙidar kuma ba ta samu biyan buƙata ba.

Kada a ɗauka cewa duk wanda ya ambaci tausayi a bakin iyaka gaskiya yake faɗi. A farkon 2024, bayan cire tallafin mai ya haɗu da faɗuwar naira, hatsi ya yi tsadar da magidanta da yawa suka koma cin abinci sau ɗaya a yini. Sefa ta yi ƙarfi, saboda haka wanda ya tsallakar da buhu ya fi wanda ya sayar a gida riba nesa ba kusa ba. Masu cika tirela da masara da gero suna bin dare sun iya cewa 'yan'uwa suke taimako, alhali kuɗin sefa suke bi, maƙwabcinsu na Gumel kuwa yana auna gero da gwangwani. Wannan ba jinƙai ba ne, ciniki ne da ya ari sunan zumunta.

A rumfar wani mai hatsi na ga yadda ake rarrabe biyun. Wata mata daga tsallake ta zo da ɗan buhu, ta kwance bakin zanenta ta fito da kuɗi a nannaɗe. Ya ƙirga, ba su kai na tiya uku ba.

Ta ce, "Alhaji, a duba mini, marayu ne a gidan."

Ya ce, "Inna, farashi ba zai sauka ba, don yadda na sayar wa na gabanki haka zan sayar miki. Kawo buhun."

Ya auna mata tiya biyu da kuɗinta, ya cika su har suna zuba. Sannan ya ɗebo ta uku ya juye, ya ce wannan tasa ce, ba ta ciniki ba. Ta yi ta sa albarka har ta ɓace cikin jama'a. Daga baya ya gaya mini cewa hatsin ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai masu jari a ciki, kuma kowace tiya da ya bayar sai ya rubuta ta a kansa. Ya ƙara da cewa a lokacin tsada an sha yi masa tayin saye rumbunsa kaf da kuɗin sefa, ya ƙi, domin yana jin kunyar ranar da mutanen unguwarsu za su zo awo ya ce babu. Amanar masu jari ta tsaya, farashi ya tsaya, marayu suka ci tuwo, kuma aljihunsa ne ya ɗauki asarar.

A Gagarawa, garin da layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa, tambayar wa ke biya ta zo da wata fuska. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, gwamnatin Jigawa ta ware fili mai faɗin kusan hekta 12,000 a wannan yanki domin wani kamfani na rukunin Lee ya noma rake ya kafa masana'antar sukari. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓa domin amfanin jama'a tare da biyan diyya. Manoma da yawa suka ce ba su yarda ba. Masu goyon bayan aikin suna da tasu hujjar: matasa suna kwarara ci-rani Legas da Fatakwal, jiha ba za ta ci gaba da dogaro da kason tarayya ba, kuma Najeriya tana kashe maƙudan kuɗi wajen shigo da sukari. Duk gaskiya ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuɗin diyya sukan ƙare a biki ɗaya da jinya ɗaya, gona kuwa tana ciyar da gida kowace shekara, 'ya'ya su gada. Wanda ya tsara ci gaba daga ofis a Dutse ba gonarsa ce za ta tafi ba. Abin da adalci ke nema shi ne a zauna da masu gonar tun kafin a kafa turaku, a ba su wata ƙasar noma ko kaso mai ɗorewa a cikin abin da za a samu.

Darasin da ya fi zauna mini a rai a wani ƙauye na Sule Tankarkar na same shi. Shanun wani makiyayi sun faɗa gonar wake da dare kafin a gama roro. Mai gona ya kai ƙara wajen mai unguwa, aka kira arɗo, dattawa suka je suka zaga gonar suka ƙiyasta ɓarna. Wasu suka so a bar maganar tun a nan, ganin cewa yaro ne ya yi barci shanu suka kuɓuce. Mai gona ya ƙi. Ya ce sai an faɗi adadin a gaban kowa, kuma sai uban yaron ya amsa da bakinsa cewa haƙƙi ya hau kansa. Aka yi haka. Bafulatanin ya ce zai kai ɗan maraƙi Maigatari ranar Alhamis ya kawo kuɗin. Sai mai gona ya ce ya yafe rabi, sauran rabin kuma a biya shi da zaman shanu a gonarsa da rani, su zuba masa taki.

Da ya yafe tun farko, da gobe wasu shanun sun shiga gonar wanda ba shi da halin yafewa. Da ya karɓe duka, da maraƙin da gidan ke sa rai da shi ya tafi, gaba kuma ta shiga tsakanin ruga da gari. Ya tsayar da doka domin jama'a, ya yi sassauci a kan abin da yake nasa ne shi kaɗai. Musulunci ya daɗe da sanin wannan awo. A shekarar yunwa ta 18 bayan hijira Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata, ba don ya raina hukuncin ba, sai don ya san yunwa ce ta tura mutane. Shi kansa kuwa ya haramta wa bakinsa mai da nama har jama'a suka samu sauƙi.

Abin da na taho da shi daga ƙasar Gumel awo ne mai tambaya biyu. Idan za ka tsaya a kan aƙida, duba wa zai ɗauki nauyinta: kai da mai laifin, ko wani bayin Allah da ba su san hawa ba balle sauka? Idan kuma tausayi ya motsa maka, duba da kayan wa za ka yi shi: naka, ko na maraya, ko na masu jari, ko na gwamnati da aka ba ka amana? Ma'aikaci a shinge, alƙali a kotu, malami mai ba da maki, uba mai hukunta ɗa, duk wannan awo ya hau kansu.

Shugabannin da za su sake zama a Abuja ko Yamai su yanke shawara a kan wannan iyaka suna da hanyoyin matsa wa juna da ba su bi ta tukunyar talaka ba: a riƙe asusun masu mulki, a hana su tafiye-tafiye, a bar gero da magani da lantarki su wuce. Kafin su sa hannu, ya kamata wani daga cikinsu ya kwana a Maigatari daren Laraba, ya wayi gari ya ga su wane ne za su biya.