Ashe Ba Inji Ba Ne: Taya Da Ƙarfen Gefe Ne Suka Buɗe Mini Hanyar Gashaka

Wallahi na ji ƙarar da kowane mai mota ya tsana, ƙarar dutse yana gurzar ƙasan ƙofa, amma motata ta fito ko ƙwarzane babu! A hanyar da ta tashi daga Serti zuwa ƙauyen Gashaka ne, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, inda Chappal Waddi yake tsaye da tsayin mita 2,419. Ruwa ya zaftare gefen hanya ya bar wani dutse a tsakiya. Na sa ƙaramar giya ta L4, tayar gaba ta hau ta sauka, sai Hilux ta zauna da nauyinta duka a kan dutsen. Gabana ya faɗi. Na ɗan taɓa totur, sai na ji ta zame a hankali, tayar baya ta kama, muka wuce. Na diro na duƙa na leƙa: fenti kaɗai ya goge a jikin bututun ƙarfen da na sa aka ɗaura.

Wannan bututu shi nake so kowa ya gane, domin mutane na ganinsa su ɗauka matakala ce. Matakalar da ke zuwa da mota ta alminiyam ce ko roba, an yi ta don ƙafar mutum. Ranar da ta haɗu da dutse sai ta lanƙwashe ta shige cikin bodi, ƙofa ta ƙi rufuwa. Garkuwar gefe kuwa bututun ƙarfe ne mai kaurin kusan milimita 3, shimfiɗe daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya, kuma ba ta taɓa bodi ko kaɗan. Ƙafafunta a jikin shasi suke, don haka duk dukan da ta sha shasi ke ɗauka. An yi ta ne don a doke ta. Wannan ne ya juya mini tunani gaba ɗaya: maimakon in riƙa kauce wa dutse ina addu'a, yanzu jingina motar nake yi da shi in bar ta ta zame.

Mai waldar da ya yi mini aikin dattijo ne, kuma abubuwan da ya nace a kansu sun burge ni. Ya cire kan batir kafin ya kunna wuta. Ya bi layin mai da na birki da ke kwance jikin shasi ya kare su. Ya ƙi liƙa ƙafafun kai tsaye, sai da ya sa faffaɗan farantin ƙarfe tukuna, don kada nauyi ya taru wuri ɗaya ya tsaga shasi. Da na ga ya bar tazara kamar kaurin yatsa tsakanin bututun da bodi na tambaye shi, sai ya ce, "Alhaji, bodi a kan roba yake zaune, motsi yake yi. In na manne su, ƙara ba za ta bar ka ka yi tuƙi ba." Ta can baya kuma ya ɗan turo bututun waje, don in mota ta zo karya kwana jikin dutse ko kututture, ya ture bayanta kafin tayar baya ta iso. Kai, har babban jak na sa a ƙarƙashinsa na ɗaga gefe guda, ko gezau bai yi ba!

Amma fa wannan na motoci masu shasi daban ne, irin Hilux, Land Cruiser, Prado da Patrol. RAV4 da Highlander bodinsu shi ne ƙashinsu, babu inda za a kafa irin wannan ƙarfe yadda ake kafa shi a Hilux.

To, taya. A nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Na sa BFGoodrich All-Terrain KO2, jikar tayar da kamfanin ya fara fitarwa a 1976. Kowa zanen ƙasanta yake kallo, manyan haƙoran nan, amma sirrin yana gefe. A hanyar duwatsu ba ƙusa ke kashe taya ba, dutse mai kaifi ne ke yanka ta ta gefe, kuma mai faci ba ya iya ceton tayar da gefenta ya yage. Taya mai alamar LT an gina ta ne don kaya da wahala, gefenta ya fi na tayar ƙaramar mota kauri nesa ba kusa ba.

Da wannan kaurin ne na samu damar yin abin da direbobin Agadas suka daɗe suna yi a yashin Tenere: rage iska. A kwalta ina tafiya da awo 35. Da muka sauka daga kwalta na sako ta zuwa 20. Subhanallah, kamar an canza mota! Jijjigar da ke kaɗa haƙora ta lafa. Tayar ta baje, tafinta ya ƙara tsawo a ƙasa, in ta hau dutse sai ta naɗe shi ta riƙe, kamar hannu ya damƙi curin fura. Hawan da na tabbata sai na yi ta kwasar ƙura da gudu, sai ga mu muna hawa a hankali, inji ko kuka ba ya yi. Ƙarfin yana nan tun ranar da aka ƙera motar, abin da zai kai shi ƙasa ne babu.

Sharaɗin ba wasa ba ne: taya mai ƙarancin iska ba ta son gudu. Ka yi gudu da ita a kwalta ta yi zafi ta fashe, ka karya sitiyari da ƙarfi ta iya zamewa daga kan wili. Don haka ƙaramin famfo mai aiki da batir da ma'aunin iska sun zama 'yan gida a motata, kuma kafin in hau kwaltar da ke hawa Mambila sai na tsaya na mayar da kowace 35.

Tayoyin laka zalla, waɗanda ake rubuta wa MT, sun ja hankalina, amma na fasa. A taɓo babu kamarsu, amma gurnaninsu a kwalta ba ya ƙarewa, kuma in ruwa ya jiƙa titi ba sa kama birki kamar irin nawa na All-Terrain, wato AT. Wanda mafi yawan tafiyarsa Jalingo zuwa Bali ce a kan kwalta, AT ta fi masa.

Girma kuma kaɗan na ƙara, daga 265/70R16 zuwa 265/75R16. Cikin mota ya tashi da kusan milimita 13, kuma agogon gudu ya fara ƙarya: in ya nuna 100, gaskiyar ta kai 103. Shan mai ya ɗan ƙaru, domin tayoyin sun fi nauyi, ga ƙarfe a gefe biyu. Na yarda da wannan ciniki da zuciya ɗaya.

Wanda zai sayi taya, musamman 'yan Beljiyam, don Allah ya duƙa ya nemi rubutun DOT a gefen tayar. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Haƙora na iya zama sababbi fil alhali robar ta bushe ta fara tsattsagewa. Kuma ya sayi biyar, har da safaya, girma ɗaya, domin in aka sa giyar ja da ƙafa huɗu, tayoyi masu bambancin girma wahalar da giyabos suke yi.