Laimar Jirgi Da Igiyar Guga

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa cikinmu mun taɓa ganin hoton sojan laima, irin waɗanda a ke horarwa a Jaji, tsakanin Kaduna da Zariya. Mutum ya faɗo daga jirgin sama kamar dutse, sa'an nan ƙyalle ya buɗe bisa kansa, ya sauko a hankali. Kowa yakan yaba ƙarfin zuciyarsa. Ni kuwa abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda masu wannan aiki su ke tsoron tsufan kayansu, ko da ido bai ga wani aibu ba.

Da fari da siliki a ke ɗinka laimar. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tare hanyar silikin Japan, sai Amurkawa suka koma ga nailan. Ran 6 ga Yuni 1942 wata mace, Adeline Gray, ta yi tsallen gwaji da laimar nailan a Hartford, ta kuwa sauka lafiya. Nailan yana da ƙarfi ƙwarai, amma rana tana cin zarensa sannu a hankali, yashi kuma yana shiga saƙar yana yanka ta. Mu nan Minna ba sai an gaya mana ba. Ka bar buhun leda a ranar Maris, in ka ɗaga shi bayan 'yan watanni sai ya farfashe a hannunka.

Akwai ɓarnar da ta fi wannan ɓoyuwa. Mai tsalle yana goye da laima biyu, babba da ta ko-ta-kwana. Cikin shekarun 1980 aka gane cewa ragar da aka ɗinka a jikin waɗansu laimomin ko-ta-kwana tana ɗauke da wani magani. Zafi da danshi suka mai da shi asid, watau dangin ruwan batir, ko da ya ke bai kai shi kaifi ba. Yana nan yana cin ƙyallen da ke kusa da shi, laima kuwa tana naɗe cikin jaka, fes da ita kamar sabuwa. Kyan ɗan maciji ke nan. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta hana aiki da waɗansu irinsu. Masu gyara suka shiga gwaji, suna kama ƙyalle da maƙata biyu, su ja shi da nauyin wajen kilo 18, su ga ko zai yage.

Har wa yau akwai wata 'yar igiya, tsawonta bai fi taƙi ba, ita ke riƙe bakin jakar. In ta sassaɓe ta tsinke, laima tana iya buɗewa mutum yana bakin ƙofar jirgi, ta jefa shi da na cikin jirgin duka a hatsari. Kuɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba.

Saboda haka ba su dogara ga ido kaɗai, sai ga lissafin kwanaki. A Amurka, tun 2008, ba a tsalle da laimar ko-ta-kwana sai in gwani mai takardar shaida ya warware ta, ya duba, ya sāke naɗe ta cikin kwana 180 da suka wuce. Yakan rubuta ranar a kati, ya sa hannu, ya ɗaura hatimin dalma.

A gidan da na sauka a Tudun Wada lokacin gwajin koyarwa, igiyar guga ta tsinke wa wata yarinya da safe, guga cike da ruwa. Allah ya sa ba ta bi shi ba. Mutanen gida suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Da na duba guntun, sai na ga ta tsinke daidai inda ta ke gogar bakin rijiya kullum. Wannan tsautsayi ya yi watanni yana sallama, ba wanda ya amsa.

To, mu da za a danƙa wa 'ya'yan mutane fa? Kowace makaranta tana da igiyar lilo, da murfin rijiya, da benci, da katakon rufi wanda gara kan cinye cikinsa ta bar fenti a waje. Shawarata ita ce kowane malami ya ajiye ɗan littafi. Makon farko na kowane zangon karatu ya zaga, ya taɓa da hannu, ya ja, ya ƙwanƙwasa, ya rubuta rana da abin da ya gani, ya kai wa hedimasta. In an ce ba kuɗin gyara, a kwance lilon a ajiye. Yaro ya yi kukan rashin wasa ya fi uwa ta yi kukan rashin yaro.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyashe mu, mu da yaran da za a ba mu amana.