Dariyar da ta ƙi shiga kyamara

1/ Yau sati uku ke nan ni da aminina ba mu magana sai gaisuwa, kuma fim ne ya haɗa mu. Bari in ba ku labarin, ko wani zai tsira daga abin da ya same mu.

2/ Bara ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a jami'a ta yi wani wasan barkwanci da na rubuta. Maigadi ne mai barcin tsiya, har ɓarawo ya sace bencin da yake kai bai farka ba. Aminina ne maigadin. Wallahi ranar har malamai sai da suka riƙe ciki.

3/ Sai kai ya kumbura. Muka ce ai wannan fim ne, kyamara kawai ya rage. Muka yi karo-karo, muka ari kyamara, muka samu wani zaure a Ƙofar Ƙaura, muka yi wasan yadda muka saba, ba mu canza ko kalma ba.

4/ Na kai gida na kunna wa ƙannena. Shiru. Da aka zo inda maigadi ke farkawa ya tsaya yana zare ido, sai ƙanwata ta ce, “Yaya, waya ce ta maƙale?” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

5/ Daren nan na gane matsalar. Wannan tsayuwar, a dandali ba shiru ba ce. Jira yake mutane su gama dariya, in ya juyo ya harare su kuma su ƙara fashewa. Ashe rabin wasan 'yan kallo ne ke yin sa. Kyamara ta ɗauki namu rabin, nasu ba ya nan.

6/ Sai na tuna Kulɓa Na Ɓarna, da muka karanta a sakandare. Ɗan garinmu ne ya rubuta shi, marigayi Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1979. A farkon shekarun 1990 Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da ke Jos ta mai da shi fim.

7/ Kasagi ya san dandali ciki da bai, ga shi ɗan wasa. Amma da aka zo fim, Brendan Shehu ne ya ba da umarni. Da ina ganin abin wani iri. Yanzu na fahimta: sana'o'i biyu ne, maƙwabta ne dai, kowa da ƙofarsa.

8/ Muka sake ɗauka. Na yanke tsayuwar. Na matso da kyamara kan ƙafar ɓarawo yana saɓule takalmi a hankali. Na ƙara wani mai shayi a tsallaken titi, yana kallon satar, yana ci gaba da zuba shayi har kofi ya cika ya tumbatsa. Shi ya zama ɗan kallonmu a cikin fim.

9/ Ya yi aiki. Ƙanwata har da faɗuwa daga kujera. Amma fitowar aminina ta minti 4 ta koma ƙasa da minti 1, kuma ban shawarce shi ba kafin in yanke. Nan ne na yi kuskure, ban da abin cewa.

10/ Ranar da muka nuna wa 'yan ajinmu, ya zo ya tsaya can baya. Aka yi ta dariya. Da muka fito ya ce min, “Abokina, an yi dariya kam, amma ta mai shayi ce.” Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi min zafi.

11/ Har yanzu ina ganin fim ɗin ya fi kyau a haka. Kuma har yanzu na san wata biyu ya yi yana gyara wannan zare idon a gaban madubi. Duka biyun gaskiya ne.

12/ Masu shirin mai da wasanku fim: kafin ku taɓa almakashi, ku zauna da wanda za a yanke. Ni dai gobe bayan La'asar zan je gidansu. Ku sa mu a addu'a.