Kiwon Agwagwa da Maƙiyanta na Dare da na Rana

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin jigawa da fadama, irin namu na ƙasar Haɗeja, inda rairayi yake gangarowa har ya taɓa bakin ruwa, ya san cewa a cikin tsuntsayen gida babu mai sauƙin ciyarwa kamar agwagwa, babu kuma mai wuyar tsarewa kamarta. Domin kaza, kome gantalin da ta yi da rana, da almuru ya yi za ta nemi akurkinta da kanta, amma agwagwa, muddin cikinta ya cika kuma ruwa ya yi mata daɗi, sai ta kwanta nan bakin kududdufi, babu ruwanta da abin da dare zai zo da shi. Masana sun ce asalinta daga Amurka ta Kudu ne, inda 'yan uwanta na daji suke kwana a kan itatuwa, sai dai tamu ta gida ta yi nauyi, ta bar wannan hikima, ba ta kuwa sami wata a madadinta ba. Ga shi Allah bai ba ta murya ba: toro huci kawai yake yi, macen kuwa kukanta bai isa ya ta da mai barci ba.

Abin da na fahimta bayan tsawon zama da wannan tsuntsuwa shi ne, galibin mutane suna ɗora wa yanyawa laifin da ya fi ƙarfinta. Yanyawa ƙaramar halitta ce, nauyinta bai cika wuce kilo 3 ba, ƙosasshen toro ma ya fi ta, kuma akasarin abincinta ɓeraye ne da fara da ƙadangaru da 'ya'yan itace. Abin da take iyawa shi ne ƙwai da 'ya'ya ƙanana, da kuma haƙa, wadda a nan kam ba ta da na biyu, don tana iya shigowa ta ƙarƙashin danga a dare ɗaya. Mai ɗauke babbar agwagwa ɗungurungum, ya bar gashi warwatse a kan hanya, dila ne. Wanda ya shiga akurki ya kashe da yawa, ya ci kawuna ya bar gangar jiki, a tuhumi tunku ko muzuru. Ƙwan da aka huda aka shanye aikin hankaka ne, wanda ya ɓace ba ko ɓawo kuwa a nemi guza ko maciji. In kuwa an wayi gari ƙofa a rufe, ba gashi, ba jini, ba sawu, ga kuma toro mafi ƙiba babu shi, to, wannan mas'ala ta bar hannun maharba, ta koma gaban mai unguwa.

Mafi hatsarin lokaci a rayuwar agwagwa shi ne kwanci. Kaza kwana 21 take yi a kan ƙwai, zabuwa kamar 28, amma agwagwa sai ta cika 35, kuma ɗabi'arta ce ta zaɓi wuri a ɓoye, ƙarƙashin rumbu ko cikin tarin kara ko gindin wata sarƙaƙiya a bayan gari, ta tara ƙwai goma ko goma sha biyar, ta zauna a kansu a ƙasa fiye da wata guda, warinta yana bin iska kowane dare. Iyayenmu mata, waɗanda alal haƙiƙa su ne malaman wannan fanni, ba su jira sai ta ɓace ba. Da sun ga ta fara tsige gashin ƙirjinta sai su sa yaro ya bi ta a hankali har ya gano sheƙar, sa'an nan a kewaye wurin da ƙayar magarya, ko a ajiye mata tsohuwar randa a kwance cikin gida tun kafin ta fara nasawa. In ta ƙyanƙyashe kuwa, sai maƙiyan rana su karɓi aiki, watau shirwa da shaho daga sama, guza da manyan tarwaɗa daga cikin ruwa, saboda haka ba a barin 'ya'yan su bi uwa zuwa tafki sai gashinsu ya fito sosai. A kife su da kwando a inuwa, a ba su tsaki da gara, a zuba musu ruwa a kasko marar zurfi.

Game da akurki, maganata gajeriya ce: a gina shi da laka, a dasa tushensa kamu guda cikin ƙasa, a cusa duwatsu da tsingaro, a rufe shi da katako, ba da faifai ba. Wayar raga da ta zo daga baya tana da amfani, in an binne bakinta an lanƙwasa shi waje. Amma akurki ba ya tsare wadda ba ta shige shi ba, shi ya sa na fi ba da muhimmanci ga dusar yamma. A hana su ita da rana, a riƙa zuba ta a ƙofar akurki kullum bayan la'asar sakaliya da kira iri ɗaya, ba da daɗewa ba za a ga sun jero da kansu kafin kiran magariba. Masu yanke musu fiffike don kada su tsallaka gidan maƙwabta kuwa, su sani sun ɗauke musu hanyar tsira guda ɗaya da ta rage, nauyin tsaronsu ya zama wajibi a wuyansu.

Saura batun guba, wadda na ga samari sun ɗauke ta magani. Shari'a ba ta hana mutum kare dukiyarsa ba, har ma an yi izinin kashe hankaka da shirwa da ɓera da kunama da kare mai cizo ko ga wanda yake cikin harami; amma Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, a cikin Muwaɗɗa, bai sa yanyawa da kyanwa a cikin wannan hukunci ba, saboda ba su afka wa mutane. Naman da aka barbaɗa wa guba aka yar a bayan gari bai san wanda aka nufa da shi ba: karen gida zai ci, ungulu za ta ci, agwagwar ma, da ba ta ƙyale kome, tana iya tsinta. Na ga unguwar da aka yi haka har yanyawa ta ƙare a jigawarsu, kaka ba ta zagayo sau biyu ba sai ga ɓeraye da gafiyoyi sun cika rumbuna, kuma gafiyoyin nan su ne suka koma jan 'ya'yan agwagwa daga ƙarƙashin uwarsu da dare.