Jirgin da babu direba a cikinsa

Tun ina ƙarami nake son jirgin ƙasa. Nakan tsaya a bakin hanyar dogo don kawai in ɗaga wa direba hannu. Amma a Tokiyo, babban birnin Japan, sai na shiga jirgin da babu wanda zan ɗaga wa hannu.

Sunansa Yurikamome, sunan wani tsuntsun teku. Ya fara aiki a 1995, kuma yau yana da tashoshi 16 daga Shimbashi zuwa Toyosu. Na yi sauri na kama kujerar gaba, inda ya kamata direba ya zauna. Ƙofofi suka rufe, jirgi ya ja da kansa. Gabana ya faɗi!

Tayoyin roba gare shi kamar mota, yana gudu a kan titin kankare da aka ɗaga sama. Kafin gadar Rainbow sai ya yi kewaye yana hawa sannu a hankali, can ga teku shimfiɗe a ƙasa, ga tsibirin Odaiba da aka cike teku aka gina.

Kwamfuta ce ke tuƙi, ma'aikata kuma na sa ido daga ɗakin kula da jirage. Da na sauka a Toyosu, duk da haka sai da na ɗaga masa hannu.